Dankali Takwas, Kara Goma Sha Biyu

A makarantarmu ta bakin Tabkin Titikaka,
inda sanyi ke cizon kunne tun ba a buga ƙararrawa ba,
Malama Eufemia Apaza ta shigo ran Talata
babu alli a hannunta.
Buhu ne a kafaɗa. Ta sauke shi, tim!
Ƙananan dankali suka watse ƙarƙashin benci
kamar 'yan tsaki sun hango shaho.

"Ku tsince su. Ku haɗa tebura, huɗu-huɗu.
Yau ba rubutu."

Ta raba mana karan bakin ruwa,
wanda kakanninmu ke ɗaure kwalekwale da shi,
an yanka shi tsawon ɗan yatsa, an fiƙe bakinsa.
"Dankali shi ne kusurwa, kara shi ne gefe.
Fuska kuwa iska ce, sai mai lura ke ganinta.
Ku gina mini akwati mai fuska shida."

Ni da Wilber da Saturnino muka hau gardama.
Wilber ya ce dankali shida ya isa,
ya soka, ya soka, abu ya fito kamar kaza ta sha duka.
Saturnino ya ci kusurwa guda ɗanya
ya ce ɓera ne.
Nélida ba ta ce uffan ba.
Ita dama bakinta Aimara ya sani,
Sifaniyancin aji kan tsaya mata a wuya kamar ƙaya.

Da ƙyar muka kai takwas.
Kara goma sha biyu, na ƙirga har sau uku.
Akwatinmu ya miƙe, muka yi shewa,
sai ya karkata a hankali
kamar tsoho ya sha rana a kasuwa,
ya kwanta.

Teburin su Yesenia dala suka gina,
alwatika huɗu, ko gezau.
Suka hura mata iska don mu gani.
Abin ya yi mana ciwo.

Sai Nélida ta miƙa hannu cikin tarin kara,
ta zaɓo dogo wanda wuƙa ta tsallake,
ta gitta shi daga wannan kusurwa zuwa waccan.
Ta sake gitta wani, da wani.
Akwati ya tashi ya tsaya ƙyam.
Malama ta durƙusa har zanenta ya taɓa ƙasa:
"Wa ya koya miki?"
"Haka babana ke yi wa ƙofar garken alfaka,"
ta faɗa da Aimara,
aji ya yi tsit, don kowa ya ji,
kowa kuma yana da irin ƙofar a gida.

Daga baya aka kawo gwangwanin madara, muka mirgina shi,
aka naɗe takarda ta zama mazugi,
Fermín ya ɗora a kansa.
Ƙwallo ta gagare mu:
ba inda za a soka dankali.

Kafin a tashi ta sa mu lissafi da baki.
"Ku haɗa kusurwa da fuska, ku ɗebe gefe."
Namu, ban da karan Nélida, saura biyu.
Na su Yesenia, saura biyu.
Wilber ya rantse akwai maguɗi,
ya rushe dalar mutane ya sake ginawa.
Biyu dai.

Da azahar aka zare karan,
aka zuba kusurwoyinmu a tukunya da gishiri.
Na ci uku, masu huji-huji.

Yau shekara ashirin da ɗaya ina ɗaura rodi a Juliaca.
Duk sanda na gitta katako a jikin sikafol
kafin in taka,
bakina kan kawo ɗanɗanon dankalin nan,
in tuna ban taɓa ce wa Nélida na gode ba.
An ce tana Tacna, tana sayar da barguna.